Darasi na 9: Zaɓen Girman Fanka Domin Iska Ta Ratsa Ƙaramar Kwamfuta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. auna gurbin fanka a akwatin kwamfuta, ya san girman da zai zauna a ciki;
2. karanta alƙaluman da ke jikin kwalin fanka;
3. lissafa yawan iskar da kwamfuta ke buƙata;
4. tsara wa iska mashiga da mafita.

Shimfiɗa

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa daga ƙarshe. Idan tana jan wat 300, to zafin wat 300 ne ke taruwa a cikinta, kuma dole a san yadda za a fitar da shi. Abubuwa biyu ne suka fi haifar da wannan zafi: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto. Idan furosesa ta kai iyakar da aka gindaya mata, digiri 100 a yawancin na Intel, digiri 95 a yawancin jerin Ryzen 7000 na AMD, sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. A nan ne mai kwamfuta zai zo muku yana cewa na'urarsa ta yi nauyi, ga shi kuma tana ta huci.

A babban akwati matsalar da sauƙi, saboda akwai fili. Ƙaramin akwati kuwa, wanda galibi bai kai lita 20 ba, komai a cikinsa a matse yake. Irin waɗannan akwatuna an gina su ne kan babban allo samfurin Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001, mai milimita 170 ta kowane gefe. Kwatanta shi da ATX na Intel na 1995, mai milimita 305 da 244. Allo ya ƙanƙance, akwati ya ƙanƙance, amma zafin kayan yana nan yadda yake.

Ƙa'idar da wannan darasi ya tsaya a kanta guda ce: a zaɓi fanka mafi girma da za ta zauna a gurbi tare da samun sararin shaƙar iska, sannan a juya ta a hankali. Sauran bayanin duka hanyar aiwatar da wannan ƙa'ida ne, da sanin wuraren da ake sassauta ta.

1. Girman fanka da yadda ake auna shi

Ana kiran fanka da tsawon gefe ɗaya na firam ɗinta mai kusurwa huɗu, a milimita. Waɗanda aka fi samu su ne 40, 60, 80, 92, 120, 140 da 200. Masu 40 da 60 na ƙananan na'urori ne ƙwarai. Mai 200 ba kasafai take samun gurbi a ƙaramin akwati ba. Don haka zaɓinku zai riƙa zagayawa ne tsakanin 80, 92, 120 da 140.

Idan akwati ya zo babu fanka, ramukan sukuru ne za su gaya muku girman gurbin. Ku ɗora rula daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi:

- milimita 71.5: gurbin fanka mai 80
- milimita 82.5: gurbin fanka mai 92
- milimita 105: gurbin fanka mai 120
- milimita 124.5: gurbin fanka mai 140

Wasu akwatuna suna da dogayen tsagu a maimakon ramuka, yadda gurbi ɗaya zai karɓi mai 120 ko mai 140.

Ido yakan raina bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi, saboda faɗin fuska ne ke aiki, ba tsawon gefe kaɗai ba. Ninka 80 sau 80, ka samu 6,400. Ninka 120 sau 120, ka samu 14,400. Ashe fuskar mai 120 ta ninka ta mai 80 sau biyu da kwata. Mai 140 kuma tana da 19,600, wato ta ɗara mai 120 da kashi 36 cikin ɗari, alhali milimita 20 kacal aka ƙara a gefe. Akwai kuma injin da ke tsakiyar fanka, wanda ba ya tura iska ko kaɗan. A ƙaramar fanka, wannan cibiya takan cinye kaso mai tsoka na fuskar, ta bar wa fikafikai ɗan wuri.

Kowa ya san fankar silin: a lamba ɗaya ko biyu tana juyi a natse, iska ta game ɗaki, babu hayaniya. 'Yar fankar tebur kuwa sai ta yi ta zuga kafin mutum ɗaya ya ji sanyi. Haka lamarin yake a cikin kwamfuta.

2. Alƙaluma huɗu na jikin kwali

*Gudu.* Ana rubuta shi da RPM, wato yawan zagayen da fanka ke yi a minti ɗaya.

*Yawan iska.* Wasu kamfanoni suna rubutawa da kubik mita a awa, wasu da CFM. CFM ɗaya daidai yake da kubik mita 1.7 a awa.

*Ƙarfin turi.* Shi ne iyawar fanka ta kutsa iska ta cikin abin da ya tare ta, kamar ragar tace ƙura, ko lagireto, ko ƙananan hujojin murfi. Ana auna shi da milimita na ruwa.

*Ƙara.* Ana auna ta da desibel. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka.

Ga alƙaluman fankoki huɗu na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, kamar yadda kamfanin ya bayyana su. An ɗauko su daga gida ɗaya ne domin kwatancen ya yi adalci, tunda kowane kamfani da irin hanyar awonsa. An rubuta iskar da kubik mita a awa.

- NF-A8 PWM, mai 80: zagaye 2,200, iska 55.5, turi 2.37, ƙara 17.7
- NF-A9 PWM, mai 92: zagaye 2,000, iska 78.9, turi 2.28; ƙara 22.8
- NF-A12x25 PWM, mai 120: zagaye 2,000, iska 102.1, turi 2.34, ƙara 22.6
- NF-A14 PWM, mai 140: zagaye 1,500, iska 140.2, turi 2.08; ƙara 24.6

Ku lura da mai 92 da mai 120. Gudunsu ɗaya, ƙararsu kusan ɗaya, amma babbar ta fi ba da iska da wajen kashi 30 cikin ɗari. Mai 140 kuwa ita ce mafi jinkirin juyi a cikinsu, kuma ita ce mafi iska.

Akwai dokoki biyu da suka shafi kowace fanka. Ta farko: yawan iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, a rage gudu da rabi, iska ta ragu da rabi. Ta biyu: ƙarfin turi ya fi saurin faɗuwa; a rage gudu da rabi, turi ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Ita ma ƙara faɗuwa take yi sosai, shi ya sa ɗan rage gudu yakan sa kwamfuta ta yi tsit.

Mu gwada su a kan mai 140. Idan aka sauko da ita daga zagaye 1,500 zuwa 1,100, iskarta za ta zama kusan 103, daidai da abin da mai 120 ke bayarwa a ƙurewar gudunta na 2,000. Wannan riba ce babba ta fuskar shiru. To amma a wannan gudu, turinta ya sauka zuwa kamar 1.1, ƙasa da rabin na mai 120. Saboda haka inda hanya take a buɗe, babbar fanka mai juyi a hankali ita ce gaba. Inda kuwa akwai raga mai ƙananan idanu ko lagireto mai kauri, za a buƙaci ƙara mata gudu, ko a zaɓi mai 120 da aka ƙera domin turi.

3. Kauri: awon da ake yawan mantawa

Fankar da aka saba da ita kaurinta milimita 25 ne. Akwai siriri mai 15, akwai kuma mai 30, irin T30 ta kamfanin Phanteks. A ƙaramin akwati, sau da yawa kauri ne ke yanke hukunci: faɗin gurbi ya isa, ramukan sukuru sun dace, amma katin hoto ko wayoyin wuta sun tokare.

Siririyar Noctua mai 120, wato NF-A12x15 PWM, tana ba da iska 94.2 a zagaye 1,850, turinta kuma 1.53. Idan aka jera ta da 'yar'uwarta mai kauri 25, iskar ba ta ragu sosai ba, amma turi ya ragu da kusan sulusi. Duk da haka iskarta ta fi ta cikakkiyar mai 92. Idan gurbi ya ba ku zaɓi tsakanin siririyar 120 da cikakkiyar 92, kuma hanyar a buɗe take, ku ɗauki siririyar 120.

Fanka tana buƙatar ɗan sarari a gaban fuskarta. Wadda aka manna ta daf da murfi mai hujoji takan yi gurnani ko fito, saboda fikafikanta suna yankan iska a bakin hujojin. Tazarar milimita 5 takan rage wannan ƙara. Wadda aka cusa har ta kusa taɓa shafaffen ƙarfe ko gilashi kuwa, juyi kawai take yi a banza. Kun ga dalilin da ƙa'idarmu ba ta tsaya ga girma kaɗai ba, ta haɗa da sararin shaƙa.

4. Lissafin iskar da ake buƙata

Ga hanya mai sauƙi da ta samo asali daga yawan zafin da iska ke iya ɗauka. A ninka wat sau 3, a raba da adadin digirin da aka yarda iskar fita ta fi ta shiga zafi. Amsar ita ce kubik mita a awa.

Misali: furosesa mai wat 65, katin hoto mai wat 200, sauran kaya wat 35. Jimla wat 300. Muna so iskar da ke fita ta fi ta ɗaki da digiri 10 kawai. 300 sau 3 ya ba da 900. A raba da 10, an samu 90.

Alƙaluman jikin kwali an auna su ne a fili, babu abin da ya tare fankar. A cikin akwati, raga da wayoyi da kayan aiki za su ci wani kaso. Domin samun rara, ku ninka amsarku biyu: 180. Yanzu mu duba wa zai kawo 180:

- masu 80: sai guda huɗu;
- masu 92: guda uku;
- masu 120: guda biyu, kusa da ƙurewar gudu;
- masu 140: guda biyu, a kashi biyu bisa uku na gudunsu.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi a nan shi ne tara fankokin shiga da na fita wuri ɗaya. Iskar da ta shiga ita ce dai ke fita. Fanka biyu masu shigarwa da biyu masu fitarwa ba su ba da iskar fanka huɗu ba. Na fitar suna taimaka wa na shigar ne wajen cin ƙarfin abin da ya tare hanya. A lissafi, ɓangare ɗaya ake ƙirgawa.

Sannan ku riƙe wannan: fanka ba ta iya sanyaya kwamfuta ƙasa da zafin ɗakin da take. Furosesar da ke tsayawa a digiri 80 a ɗaki mai digiri 25, za ta doshi 93 idan ɗakin ya kai 38. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40 ko ya haura, tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da iyakar furosesa ta riga ta tsuke. Wanda kwamfutarsa za ta yi aiki a shago ko ofis marar na'urar sanyaya ɗaki, ya sa digiri 6 ko 7 a lissafinsa a maimakon 10. Da digiri 6, waccan kwamfuta mai wat 300 za ta buƙaci 150, kafin a ninka.

5. Mashiga da mafita

Girman fanka ba ya amfani idan iska ba ta da hanya. A tsara ta shiga ta gefe ɗaya, ta bi ta kan kayan da ke zafi, ta fice ta ɗaya gefen. Fankoki biyu da ke hura wa juna, ko mai fitarwa da ke daf da mai shigarwa har ta zuƙe sabuwar iska kafin ta isa ga kaya, asarar kuɗi ce da wuri.

Don sanin inda fanka ke hurawa, ku dubi bayanta. Gefen da ke da sandunan da suka riƙe inji, inda waya ke fitowa, nan iska ke fita. Da yawa kuma suna da 'yan kibau a jikin firam. Akwai ƙalilan da aka ƙera a juye, don haka idan kuna shakka, ku kusanto da 'yar takarda mai laushi ku ga inda za ta karkata.

Mu ɗauki akwati na gaske, NR200 na kamfanin Cooler Master, wanda ya fito a 2020, mai lita 18 da ɗoriya. Yana da gurbin masu 120 guda biyu a sama, biyu a ƙasa, gurbin masu 120 ko 140 guda biyu a gefe, da na mai 92 guda ɗaya a baya. Katin hoto yana kwance a ƙasa, fankokinsa suna kallon ƙasa. Tsarin da ya dace shi ne na ƙasa su shigar da iska kai tsaye ga katin, na sama su fitar. Idan katin mai kauri ne, siririyar 15 ce za ta samu wuri a ƙarƙashinsa. Idan ƙarfen da ke tsotse zafin furosesa dogo ne, zai iya cinye wurin fankar gefe. Duk da akwatin yana da gurbi bakwai, huɗu da aka tsara da kyau sukan wadatar.

Akwai kuma irin Terra na kamfanin Fractal Design na Suwidin, mai lita 10.4, wanda gurbin fanka ɗaya tak gare shi, mai 120 a ƙasa. A irinsa, furosesa da katin hoto kowanne yana shaƙar iska ne kai tsaye daga waje ta hujojin murfin gefensa. Abin lura a nan shi ne kada a jingina akwatin da bango ko a cusa shi a lokar tebur.

Sai batun ƙura, wanda duk mai zaune inda hunturu ke busawa ya san shi. Idan iskar da ake fitarwa ta fi wadda ake shigarwa, akwati zai riƙa zuƙo cikon ta kowace kafa da tsaga, tare da ƙurarta. Idan kuwa ta shiga ta ɗan fi yawa, kuma ta bi ta ragar tacewa, rarar za ta riƙa ficewa ta kafofin, ƙura ta rasa ƙofa. Don haka a wajenmu, manyan fankoki su tsaya a mashiga, a bayan raga, ƙanana a mafita. Tunda raga tana cin turi, fankar mashiga ce ya kamata ta fi ƙarfin turi.

6. Waya da boris

Fanka mai fil uku ana sarrafa gudunta ne ta rage ko ƙara mata wuta. Mai fil huɗu, wadda ake kira PWM, babban allo ne ke aika mata sigina ta fil na huɗu, kuma ta fi sauka ƙasa sosai ba tare da ta tsaya ba. Wanda ya sayi babbar fanka don ya juya ta a hankali, mai fil huɗu ce tasa. Allon Mini-ITX soket biyu ko uku kawai yakan zo da su, saboda haka za a buƙaci waya mai rassa. Yawancin soket amfiya 1 suke ɗauka; NF-A12x25 tana jan 0.14, kenan uku a soket ɗaya ba komai. A dai duba littafin allon, a kuma tabbatar fankar ta bolt 12 ce.

Ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika kasuwanninmu, wasunsu suna da soket na musamman da bai dace da fankar gama-gari ba. Ku tafi kasuwa da tsohuwar fankar a hannu.

Game da boris: mai araha na hannun riga, wanda sanda ke juyawa cikin bututu mai ɗan mai, ya fi saurin mutuwa a wuri mai zafi, musamman idan an kwantar da fankar a sama ko ƙasan akwati. Mai ƙwallaye da wanda ake rubuta wa FDB sun fi jure wannan.

7. Gwaji bayan haɗawa

Ku buɗe manhajar duba zafi, kamar HWiNFO, ku sa kwamfuta aiki mai nauyi na minti 20, ku rubuta zafin furosesa da na katin hoto da na ɗaki. Sai ku cire murfin gefe ku maimaita. Idan zafi ya faɗi da yawa, iska ce ba ta ratsa akwatin, a sake duba girman fankoki da hanyarsu. Idan bai wani sauya ba, laifin ba na fankar akwati ba ne. A duba ƙarfen tsotsar zafi da man da ke tsakaninsa da furosesa. A lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe raga akai-akai. In za a hura ƙura da bulowa, a zare wayar wuta, a kuma danne fikafikan fanka da yatsa don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta.

Tambayoyi

1. Kun auna tsakanin ramukan sukuru kun samu milimita 105. Wace fanka ce za ta zauna?
2. Kwamfuta tana jan wat 200, ana son bambancin digiri 8. Iska nawa take buƙata kafin a ninka, nawa kuma bayan an ninka?
3. Fanka tana ba da iska 140 a zagaye 1,500. Nawa za ta bayar a zagaye 750, kuma me zai faru da turinta?
4. A wane hali mai 120 za ta fi mai 140 dacewa?
5. Me ya sa ake so iskar shiga ta ɗan fi ta fita yawa a wuri mai ƙura?

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya buɗe kwamfuta ɗaya bayan ya zare wayar wuta, ya auna faɗi da zurfin kowane gurbin fanka, ya zana akwatin a takarda da kibau masu nuna mashiga da mafita. A ƙarƙashin zanen, a rubuta girman fankar da rukunin ya zaɓa wa kowane gurbi da hujjarsa, a kawo wa malami a zama na gaba.